Tarihin kuɗin raunin tsoffin sojoji

Da yawa cikinmu mun taso mun tarar da wani tsoho a garinmu wanda ake ce wa tsohon soji. Wani yana ɗingishi, wani ido ɗaya gare shi, wani kuwa tari ne ba ya barinsa barci. Yana da lambar yabo a ƙirji, da wasu takardu da ya naɗe cikin tsumma ya ɓoye a ƙasan adaka. Yau labarin takardun nan za mu ba ku.

A zamanin mulkin mallaka Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashenmu ta sa su soja. Faransawa suna ce musu tirailleurs sénégalais, wato sojojin Senegal, ko da mutum ɗan Damagaram ne ko ɗan Dosso. Sun yi yaƙin 1914 zuwa 1918, sun yi na 1939 zuwa 1945. Daga baya aka kai su Indoshin da Aljeriya. Wasu ba su komo ba. Wasu sun komo da rauni.

Ran 31 ga Maris 1919 Faransa ta yi doka, ta ce sojan da ya naƙasa wurin aiki yana bin gwamnati haƙƙi. Ga yadda ake yi. Likitocin soja su duba mutum, su auna raunin da lissafin kashi cikin ɗari. Wanda ya rasa idanunsa duka biyu, ɗari bisa ɗari ke nan. Raunin da bai kai 10 cikin ɗari ba, ba a biyan komi. Daga baya aka tsara cewa kowane kashi yana da makinsa, kowane maki yana da farashinsa. In albashin ma'aikatan gwamnati ya hau, farashin maki ya hau.

Dokar ta buɗe ƙofar ƙara. A wancan zamani, in an hana ka, ko ka ga likita ya rage maka, kana iya kai kuka kotun fansho cikin wata shida. Cikin waɗanda suka riƙa zama a kotun akwai alƙali, da likita, da wani tsohon soji mai karɓar fansho. In hukunci bai yi maka ba, ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun gaba. A takarda abin ya yi kyau. Amma ku duba mutumin ƙauye. Takarda ta zo da Faransanci, shi kuwa bai yi lakkol ba. Kafin ya sami mai karanta masa, watakila damina ta shiga, wata shida sun wuce. Kuma ana so ya nuna shaidar cewa ciwon nan a bakin aiki ya same shi, alhali takardun asibitin soja suna can ƙetaren teku.

Babbar cutar ta zo ne dab da mulkin kai. Ran 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta sa wani sashe, na 71, cikin dokar kuɗi. Sashen ya ce duk ƙasar da ta sami mulkin kanta, fanshon tsoffin sojojinta zai tsaya cik inda yake. Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, dokar kuwa ta soma aiki a farkon 1961. Ta ci Senegal ita ma daga 1975. Daga nan kuɗin Bafaranshe yana ta hawa, na ɗan Afirka yana tsaye, sai ɗan ƙarin da akan yi jefi-jefi. Gero ya yi tsada, sukari ya yi tsada, maki bai motsa ba. Mutum biyu da suka rasa ƙafa a rami ɗaya, rana ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin na ɗaya. Wanda ciwonsa ya ƙaru da tsufa ya nemi a sake dubawa, sau da yawa akan ce ƙofa ta rufe. Haka matan da mazansu suka rasu.

Tsoffin ba su yi shiru ba. Wani ɗan Senegal, Ibrahima Gueye, da 'yan'uwansa 742 suka kai ƙara kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Faransa ta ce rayuwa a Afirka ba ta kai ta Turai tsada ba, kuma da wuya a tabbatar da wane ne wane a can. Ran 3 ga Afrilu 1989 kwamitin ya ba tsoffin gaskiya. Ya ce fansho ladan aikin da aka yi ne, kuma aikin iri ɗaya ne. Sai dai kwamitin nan ba shi da sandan tilasta kowa. Faransa ta ji, ba ta gyara ba.

Wanda ya fasa ƙofar shi ne Amadou Diop, shi ma ɗan Senegal. Ya yi soja daga 1937 zuwa 1959, ya kai sarjan-shef. Ya shigar da ƙara a kotunan Faransa kanta. Ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutum da gwamnati, mai suna Conseil d'État, ta ce fansho dukiyar mai shi ce, ba a rage ta don ƙasar da mutum ya fito. Amma Diop bai ji hukuncin ba. Allah ya yi masa rasuwa tun 1996, magada ne suka ƙarasa shari'ar.

To, kun ce an gama? Ina! A 2002 gwamnati ta yi ƙari, amma ta auna shi da tsadar rayuwar kowace ƙasa, har yanzu dai ba daidai ba. A 2006 wani fim mai suna Indigènes ya fito, ya nuna sojojin Arewacin Afirka a yaƙin duniya na biyu. Mutanen Faransa suka gani, kunya ta kama. Shugaba Jacques Chirac ya ba da umurni, daga 1 ga Janairu 2007 aka daidaita farashin makin kuɗin rauni da kuɗin katin tsohon soji. Abin da alƙalai suka daɗe suna faɗa, sai da majigi ya faɗa aka ji. Sauran fanshon aiki sai da wata Ba'aljeriya, matar wani tsohon soji, da ɗanta suka kai ƙara. Ran 28 ga Mayu 2010 majalisar da ke tsaron tsarin mulkin Faransa ta rushe dokokin bambancin, gyaran ya soma a farkon 2011.

Daga 1961 zuwa 2011 shekara 50 ke nan. Kuɗin da aka tauye a shekarun baya masu yawa ba a maido su ba. Cikakken gyaran ma bai zo da kansa ba: an ce sai tsoho ko matarsa sun rubuta takarda sun nema, kafin wa'adin 'yan shekaru ya cika. Saurayin da aka ɗauka soja a 1940 yana da shekara 20, a lokacin ya haura 90.