Tarihin Gwajin Jini Don Cututtukan Fituwitari da Adirinal

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar kaluluwa da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, ana kiranta fituwitari. A bisa kowace ƙoda kuma akwai wata mai suna adirinal. Fituwitari ce ke sakin sinadarin ACTH cikin jini, shi kuma ya sa adirinal ta fitar da kotizol, wanda ke daidaita bugun jini da sukari idan jiki ya shiga wahala. Likitoci sun yi kusan shekara 100 da sanin cututtukan waɗannan gaɓoɓi kafin su iya auna sinadaran da kyau a jini.

Da ido aka fara. A 1855 Thomas Addison, likita a asibitin Guy's da ke Landan, ya yi bayanin majinyatan da fatarsu ta yi duhu, jikinsu ya mutu, suka yi ta ramewa har rai ya yi halinsa. Da aka binciki gawarwakin sai aka tarar adirinal ta lalace, galibi saboda tarin fuka. A 1932 Harvey Cushing na Amurka ya bayyana kishiyar wannan cuta: fuska ta kumbura, tumbi ya fito, hannuwa da ƙafafu sun sirance, jini ya hau. Ya ɗora laifin a kan ƙari a fituwitari. To amma kafin alamu su fito fili haka, cuta ta riga ta ci jiki.

Gwaje-gwajen farko duk na zagaye ne. A 1948 George Thorn a Boston ya riƙa yi wa majinyaci allurar ACTH, bayan awa 4 ya ƙirga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Idan sun ragu da rabi, adirinal na aiki. Daga 1950 aka koma tara fitsarin yini da kwana cur, ana zuba masa sinadarin da ke sauya launi gwargwadon abin da adirinal ta fitar. Aiki ne mai cin rai, domin ko fitsari ɗaya aka manta ba a tara ba, lissafi ya ɓaci.

Matsalar ta asali ita ce ƙanƙantar sinadaran a cikin jini. Rosalyn Yalow da Solomon Berson ne suka warware ta a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a Niyok, wajen 1959. Sukan haɗa jinin majinyaci da ƙwayoyin garkuwar jiki masu cafke sinadarin da ake nema, su ƙara wani sanannen adadi na sinadarin da aka yi wa lamba da aidin mai tururin nukiliya. Biyun sai su yi ta rububin wurin maƙalewa. Idan mai lambar ya samu wuri kaɗan, na majinyacin yana da yawa ke nan. Da insulin suka fara, daga baya dabarar ta kai ga ACTH da sinadarin girma. Sun ƙi yi mata rajistar mallaka, abin da ya sa ta bazu da wuri. Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977. Berson ya riga ya rasu a 1972.

Samun ma'auni bai kashe magana ba, domin kotizol ba ya tsayawa wuri ɗaya: yakan yi sama da sassafe, ya faɗi ƙasa da tsakar dare, kuma zazzaɓi ko tsoron allura kaɗai na iya ɗaga shi. Saboda haka likitoci suka koyi tsokanar kaluluwar su ga martaninta. A 1960 Grant Liddle na jami'ar Vanderbilt ya fito da gwajin dekzametason. A sigarsa da aka fi amfani da ita yau, majinyaci kan sha miligiram 1 wajen ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. Kotizol ɗin mai lafiya yakan sauka, na mai cutar Cushing kuwa ya ƙi. Idan ƙarancin kotizol ake zargi, sai a yi allurar ACTH na haɗi, maikirogiram 250, a auna bayan minti 30 da kuma 60.

Injinan yanzu sun daina dogaro da sinadarin nukiliya, amma tambayar majinyaci tana nan daram. A Afirka ta Yamma, mayukan bilicin masu sitiroyid da ƙwayoyin sa ƙiba irin su dekzametason kan haifar da alamun Cushing, su kuma kwantar da adirinal har kotizol ya fito ƙasa a gwaji. Shi ya sa ake tambayar abin da mutum ke sha ko shafawa kafin a ɗebi jininsa.