Yadda maganin damuwa ya koma maganin barci

A shekarun 1960, masana a kamfanin magunguna na Angelini da ke Italiya, cikinsu har da Bruno Silvestrini, suka haɗa wani magani mai suna trazodone. Ciwon damuwa suka nufa da shi, baƙin cikin nan mai nauyi da ke raba mutum da jin daɗin komai. A kan haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi izini a 1981, aka riƙa sayar da shi da sunan Desyrel. Yau yana cikin magungunan da likitocin Amurka suka fi rubuta wa masu rashin barci, alhali hukumar ba ta taɓa amincewa da shi don wannan aiki ba. A ganina al'ada ce ta kai shi nan, al'adar da tsoron likitoci ya haifa, kuma ta yi wa bincike nisa.

Tsoron yana da dalili. Tun da Veronal ya fito a Jamus a farkon ƙarni na 20, duk maganin barcin da ya zo, da yabo yake zuwa, ya tafi da zargi. Dangin Veronal sun hallaka mutane da dama, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke sa barci da abin da ke kisa ba ta da yawa. Librium ya zo a 1960, Valium a 1963, aka ce an huta. Kafin shekara ashirin ta bayyana cewa jiki na sabawa da su, barinsu kuma ya zama azaba. Wanda ya ga yadda diazepam, wato Valium, ya kama matasa a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 1989 jihar New York ta tsaurara dokar rubuta irinsu, a 1991 Birtaniya ta janye Halcion, ɗaya daga cikinsu, daga kasuwa. Likita ya rasa abin da zai miƙa wa wanda ya kwana ido biyu.

A daidai lokacin ne trazodone ke rasa kasuwarsa ta asali. Kafin ya taɓa damuwa sai an sha miligiram 150 ko fiye a rana, mutane da yawa kuma kan wuni cikin gyangyaɗi. Da Prozac, wani sabon maganin damuwa, ya samu izini a ƙarshen 1987 sai ya kwashe majinyata, amma shi kuma yakan hana wasu barci. Likitoci suka fara haɗa masu ɗan trazodone, kamar miligiram 50 da dare. Ƙaramin awo irin wannan yana toshe wasu kafofin saƙo a ƙwaƙwalwa da ke riƙe mutum a farke, ciki har da ta histamine, wadda Piriton ke toshewa har ya sa kasala. Ga araha, ga shi ba ya cikin ƙwayoyin da doka ta sa wa ido. Daga masu damuwa, rubutun ya tsallaka zuwa ga duk mai kukan barci.

Za a ce ai abin da dubban likitoci suka gani da idonsu shekara talatin shi ma hujja ne, kuma ƙarancin gwaji ba ya nufin magani ba ya aiki: haƙƙin mallakarsa ya ƙare, babu kamfanin da zai zuba kuɗi kan abin da kowa ke iya sarrafawa. Akwai gaskiya a nan, ban raina ta ba. Sai dai irin wannan gani da ido ne ya wanke Valium shekara da shekaru. Kuma gwajin mai yiwuwa ne: doxepin, tsohon maganin damuwa na 1969, an auna shi a miligiram 3 da 6, FDA ta amince da shi don rashin barci a 2010. Da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta duba abin da ke akwai kan trazodone a 2017, shawarar da ta bayar ita ce kada a yi amfani da shi ga rashin barcin da ya daɗe. Illolinsa kuwa sanannu ne: jiri idan an miƙe tsaye, wanda kan kayar da tsofaffi, da miƙewar gaba mai raɗaɗi da kan kai namiji asibiti da gaggawa, ko da yake ba kasafai ba.

Wannan ƙorafi bai shafi wanda damuwa ce ke hana shi barci ba. A wurinsa magani mai kwantarwa da aka ba da cikakken awo, irin amitriptyline na 1961 da har yau ake rubutawa a asibitocin Najeriya, ko mirtazapine da ya fito a Holan a 1994, yana biyan buƙata biyu a haɗiya ɗaya. Abin da ke damuna shi ne miligiram 50 na trazodone bai isa ya magance damuwa ba. Mutum zai iya samun barci, iyali su ce ya warke, likita ya sallame shi, ciwon da ya kawo shi kuwa ko tambayarsa ba a yi ba.