Daga Littafi Zuwa Akwatin Talabijin: Tarihin da Ya Kamata Mu Adana



Wanda ya yi zamaninmu ba zai manta daren Asabar ba, lokacin da ake tada janareto a fito da akwatin talabijin gaban ɗakin cin abinci, ɗan Kiru ya zauna kusa da ɗan Bebeji, mutanen Tudun Wada da Doguwa suna rigimar benci. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, yawancin labaran da suka fi kama hankali a talabijin daga littafi aka ɗauko su.

A ƙasashen Turawa, labaran ƙagen kimiyya, wato na tafiya sararin samaniya da na mutum-mutumi, sun bunƙasa ne a mujallu. A Amurka, Rod Serling ya fara shirin The Twilight Zone a 1959, inda aka mayar da gajerun labarai wasan kwaikwayo. A Ingila kuwa, BBC ta yi Out of the Unknown daga 1965 zuwa 1971, ta ɗauko labaran marubuta irin su Isaac Asimov.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da ya yi balaguro zuwa sama. Sannan a ƙarshen shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shiri mai dogon zango, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan.

To, ga inda gizo ke saƙar. A da kaset na da tsada, don haka BBC takan goge tsohon shiri ta ɗauki sabo a kansa. Ta haka fiye da rabin Out of the Unknown ya salwanta, haka ma sassa da dama na Doctor Who. Abin mamaki, a 2013 aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, ya gano kashi 9 na Doctor Who da suka ɓace a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, nan kan hanyar da ta ratsa dajin Falgore.

Idan Bature zai ƙetaro teku neman nasa, mu wa zai nemo mana namu? Duk mai tsohon kaset a gida, ko mai hanya da ma'aikatan gidan talabijin, ya taimaka a juye shi a kwamfuta tun kafin ƙura da zafi su cinye shi. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta sayi waɗannan littattafai biyu ta ajiye wa ƙannenmu a laburaren makaranta.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.