Yadda Aka Yi Ta Lissafin Likitocin Arewa

Da yawanku in kun zo ɗakin shan magani a Tsafe ko Bunguɗu kukan tambaya, "Malam, ina likita?" Mu kuwa sai mu ce, sai Gusau. To, yau ga asalin maganar.

Likita ba gero ba ne da za a shuka da damina a girbe da kaka. Yaron da aka sa firamare bana, sai ya yi shekara 6 a can, 6 a sakandare, 6 a jami'a, kana ya yi 1 yana aiki ƙarƙashin manya. Shekara 19 ke nan, in bai faɗi jarrabawa ko sau ɗaya ba. Don haka tilas hukuma ta yi lissafi tun da nisa.

Zamanin Turawa, a Yaba ta Ikko aka buɗe makarantar likita a 1930, sa'an nan Jami'ar Badun a 1948. 'Yan Arewa kaɗan ne ƙwarai suka shiga, gama makarantun sakandare ba su da yawa a nan. Likitanmu na fari, Dokta Barau Dikko na Wusasa, a Ingila ya yi karatu. Ganin haka Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata makarantar a Kano a tsakiyar shekarun 1950, amma ba ta daɗe ba.

A 1959 aka naɗa wani kwamiti, Sir Eric Ashby ke shugabanta, Shettima Kashim Ibrahim na ciki. Aka ce su auna yawan masu ilmi mai zurfi da Nijeriya za ta bukata har 1980, da likitoci a ciki. Suka ba da rahoto a 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962, ta soma koyar da likitanci a 1967. Sakkwato ta sami jami'arta a 1975, Zamfara kuwa ta zama jiha a 1996.

A ganina, lissafin irin na wancan zamani ya yi kyau wajen ƙirga waɗanda za a yaye, amma ya gaza wajen tambayar inda za su zauna. Wanda ya gama yakan so birni, inda akwai lantarki da makarantar 'ya'yansa, kuma ba na ganin laifinsa. Wasu kuma sai Ingila, ko Saudiyya, ko Amurka. Takarda na nuna ƙasa ta yi likita, alhali mai naƙuda a ƙauye ba ta gan shi ba. A 2010, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum, sai da likitocin waje na ƙungiyar MSF suka kawo gudummawa.

Wanda aka haifa a nan ya fi saurin komowa nan. In kana da yaro ko yarinya mai kaifin lissafi da kimiyya, kada ka cire shi bayan aji 6. Je ka ga hedimasta, ka tambayi hanyar neman tallafin karatu na jiha.