Kududdufan Kuza a Ƙasar Jos

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dukufa ga haƙar kuza a ƙasar Jos. Yadda ake aikin kuwa shi ne, a kware ƙasar sama, a wanke ta ƙarƙashi da ruwa, a tace kuzar, a watsar da saura. Abin da aka bari a baya shi ne tsibin ƙasa marar ciyawa da ramuka masu zurfi waɗanda damina ta mayar kududdufai, musamman wajen Bukuru da Barikin Ladi. Ruwan sama ya riƙa zaizaye tsibin, yana kwasar laka zuwa rafuka da gonakin Birom.

Sai a 1946 dokar ma'adinai ta ɗora wa kamfanoni nauyin gyara filin da suka haƙa, amma ba ta waiwayi ɓarnar shekaru arba'in da suka gabata ba. Gwamnati ta kafa sashen farfaɗo da filayen, wanda ya fi dogara ga dashen itatuwan turare. Itatuwan sun riƙe ƙasa, amma ba su mayar da ita gona ba. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, sauran aikin ya durƙushe, aka bar ramukan a buɗe. Manoman rani, galibinsu Hausawa da farko, su suka ci moriyar ruwan, suna shuka tumatir da kabeji a bakinsa, ko da yake mutane da dabbobi kan nutse a ciki.