Kamishibai: Alawa, Keke da Labari a Titunan Tokiyo

A yau idan ana son nuna wa yara al'adun Japan, sau da yawa akan ɗauko wani ƙaramin akwatin katako mai taga, a riƙa zare katuna masu zane ɗaya bayan ɗaya ana ba da labari. Sunansa kamishibai, wato wasan kwaikwayo na takarda. Gaskiya ne tun ƙarnoni da suka wuce malaman addinin Budda kan warware naɗaɗɗun takardu masu zane suna wa'azi da su, amma kamishibai da muka sani yau talauci ne ya haife shi, a titunan Tokiyo, wajen 1930.

A lokacin tattalin arzikin duniya ya durƙushe, magidanta da yawa sun rasa aiki. Sai mutum ya karɓi hayar katuna daga wurin dillali, ya ɗaure akwatin a bayan kekensa, ya shiga unguwa. Da ya tsaya sai ya gwara wasu katakai biyu da ake kira hiyoshigi, yara su fito a guje. Ba kuɗin kallo ake biya ba, alawa ake saya. Wanda ya saya shi ke tsayawa gaba, wanda bai saya ba ya leƙa daga baya. Mai keken kuma ba ya ƙarasa labari. Daidai inda rai ya tashi yake tsayawa, domin gobe a sake sayen alawa. Haka Ogon Batto, jarumi mai ƙoƙon kai na zinariya, ya yi suna shekaru kafin Superman ya fito a Amurka a 1938.

Iyaye da malamai sun yi ta ƙorafi cewa labaran sun cika tashin hankali. Wasu kuwa suka ga dama. A 1933 wata mata Kirista, Imai Yone, ta fara shirya labaran Baibul a katunan. A 1938 aka kafa ƙungiyar kamishibai ta ilimi. Daga nan aka riƙa buga katunan a maɗaba'a, malami yana karanta abin da aka rubuta a baya kalma da kalma.

Wannan tsari ne ya yi wa gwamnati daɗi lokacin yaƙi. Katuna ba su da tsada, ba sa buƙatar lantarki, kuma saƙo ɗaya yana isa ƙauye da birni ba a canza shi ba. Da su aka koya wa yara cewa mutuwa domin sarki abin alfahari ne. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, hukumomin mamayar Amurka su ma suka sa kamishibai cikin abubuwan da sai an tace su kafin a nuna.

Talabijin ce ta kashe kasuwar. Da NHK ta fara watsa shirye-shirye a 1953, mutane suka riƙa kiran akwatin "kamishibai mai lantarki". Masu zane irin su Mizuki Shigeru suka koma zanen manga.

Don haka wanda zai buɗe wa yara wannan akwati ya nuna musu Japan, ya kamata ya ba su labarin akwatin shi kansa: na mai keken da ya ciyar da iyalinsa da shi, da na hukumar da ta shirya yara yaƙi da shi.