Yadda Gurasa Ta Sauko Kara

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa cin kasuwa a Rano ko Kibiya ya ga abin da akan yi a kara, watau wurin cinikin shanu. In rana ta take, ciniki ya faɗa, sai Bafillace da dillali su koma inuwa. A yayyafa wa gurasa ruwa, a barbaɗa ƙuliƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, su sa hannu kwano ɗaya. Wannan shi ne bandashe. To, kun san a dā wannan abinci ya fi ƙarfin talaka?

Gurasa baƙuwa ce, ko sunanta ma daga Larabci muka aro. Fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamus, waɗanda ke ƙetaro Sahara da raƙuma, su suka zauna da ita a birnin Kano. Sa'ad da Baturen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya tarad da su da gidajensu cikin gari. Daga wajensu matan birni suka koyi gashi a tanderu: a hura wuta har cikin tukunyar ya yi zau, sa'an nan a manna ƙullun a jikinta. Har yau akwai unguwa a birni da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Abin da ya sa ta tsada alkama ce. Ita ba ta son damina kamar gero da dawa, sai sanyin hunturu. Saboda haka ɗan kaɗan ake nomawa a fadama, ana ɗebo ruwa da jigo guga guga. Abin da aka samu da wannan wahala kuwa sai gidan sarauta da na attajirai.

Abu biyu suka sauko da ita. Na farko fulawar inji, wadda ake yi da alkamar ƙasashen waje. Na biyu madatsar ruwa ta Tiga, nan kusa da mu, wadda aka gama a 1974, har manoman Kadawa suka sami ruwan noman rani. Da ta yi araha sai mutanen kara suka riƙe ta, gama ba ta son cokali, tana kwana ba ta lalace ba, ga ta abokiyar tsire.

Amma fa mu lura, yawancin fulawar da ake gashi da ita yanzu jirgin ruwa ke kawo alkamarta. Ran da ta yi tsada can, gurasa ta ƙanƙance nan. Kowa ya dogara da tukunyar wani, ba ya tsai da lokacin cin tuwonsa. In kun je hutu, ku tambayi dattawanku yadda suka noma alkama, ku rubuta, ku kuma riƙe fartanya ku gwada. Allah ya yi muku albarka, amin.